Yadda Ake Zaɓar Allon LED Gwargwadon Nisan Masu Kallo

Cikin watan Afrilu na wata shekara, ana gab da la'asar, wani Alhaji ya kira ni ransa a ɓace. Walimar auren ɗiyarsa ake yi a wani fili wajen Arkilla, an kafa rumfuna, baƙi sun fara zama. Ya ce, "Malam, don Allah taho ka duba mini wanga allo. Na biya kuɗɗi masu yawa, an ce shi af fi kowane kyau, ga shi ba a ganin komi."

Da na isa na tarar allon lafiyarsa ƙalau. P2.6 ne sabo fil (lambar P ita ce tazarar ɗigon hasken da ke haɗa hoton allo, a milimita), irin na cikin ɗaki, faɗinsa mita 3, tsayinsa mita 2. Na taka filin na auna: kujerar farko tana mita 12 daga allon, rumfar mata ta ƙarshe kuwa ta kusa mita 45. Rana kuma ta juyo tana dukan fuskarsa. Kuɗin Alhaji sun tafi ne wajen laushin hoto, wanda sai mai tsaye tsakanin mita 3 zuwa 8 zai san da shi, alhali babu ko mutum ɗaya a wannan tazarar. Abin da taron ke buƙata girma ne da ƙarfin haske, su ne kuma babu. Abin ya dame ni ƙwarai, domin tef ɗin awo da minti goma sun isa su hana wannan asarar.

Na daɗe ina kafa waɗannan alluna a Sakkwato, a ɗakunan biki, a harabar masallatai lokacin tafsirin azumi, a filayen taro da bakin titi. Duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, abin da nake fara faɗa masa shi ne mutum biyu ke zaɓar allo, kuma mai biyan kuɗi ba ya cikinsu. Wanda ya fi kowa kusa shi ke faɗa maka lambar P. Wanda ya fi kowa nisa shi ke faɗa maka tsayin allon. Sauran aikin duk lissafi ne a tsakanin waɗannan biyun.

Kayan da za ka tanada

- Tef ɗin awo mai tsawo, irin na magina, mita 30 ko 50. In kana da na'urar awo mai hasken lesa tana da daɗin aiki cikin ɗaki, amma a fili da rana ba ka ganin jan ɗigonta, don haka kada ka bar tef a gida.
- Ƙaramar rula mai santimita, don ƙirga ɗigon fanel, wato ɗaya daga cikin gutsattsarin da ake jerawa su tashi allo.
- Takarda da biro, da kalkuletar waya.
- Takardar bayanin allon daga wurin mai shi: lambar P, girman fanel, ƙarfin haske, wutar da yake ci, na ɗaki ne ko na waje.
- Ainihin abin da za a nuna a ranar, a cikin filashi ko laftof: hotuna, bidiyo, sunayen baƙi, ayoyi.
- Mutum ɗaya da zai taya ka riƙe tef. In ka samu dattijo wanda idonsa ya fara rauni, ka riƙe shi da kyau, zai yi maka amfani a wajen gwaji.

In babu tef, akwai dabaru. Ƙirga tayil ɗin ƙasa bayan ka auna guda ɗaya, yawanci santimita 40 ne ko 60. Bulon gini tsawonsa santimita 45 ne, sai ka ƙirga su a jikin katangar da ba a yi wa filasta ba. A masallaci, kowane sahu yana cin kamar mita 1.2. A babban fili kuwa, Google Maps yana da wurin auna tazara tsakanin wuri biyu. Awon ƙafa ma yana yi, muddin ka taɓa gwada takunka a kan mita 10 ka san taku nawa kake yi.

Ɗan bayanin da ba makawa sai ka sani

Hoton allon LED tarin ɗigo ne. Kowane ɗigo yana ɗauke da ƙananan ƙwayayen fitila uku, ja da kore da shuɗi. Lambar da ke bayan harafin P ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar ɗigo da tsakiyar maƙwabcinsa, a milimita. P10 yana nufin milimita 10, P3.9 kuwa kusan milimita 4. Ƙaramar lamba, ɗigo a matse, hoto mai laushi.

Ga inda kuɗi ke shiga. In ka raba tazarar biyu, yawan ɗigon ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, domin ya ƙaru a faɗi ya ƙaru a tsayi. Murabba'in mita ɗaya na P10 yana da ɗigo 10,000. Na P5 yana da 40,000. Na P2.5 yana da 160,000. Kowane ɗigo kuɗi ne a wurin saye, kuma abin lalacewa ne a wurin gyara.

Ido kuma yana da iyaka. Lafiyayyen ido yana rarrabe ɗigo biyu ne muddin kusurwar da ke tsakaninsu ta kai kashi 1 cikin 60 na digiri. In aka mayar da wannan zuwa nisa, kowane milimita ɗaya na tazara yana ɓacewa ido a wajen mita 3.4. Bayan wannan nisan, ko ka ƙara wa allon ɗigo miliyan, idon ɗan Adam ba zai ga bambanci ba.

Mataki na 1: Je wurin da ƙafarka, a irin lokacin da za a yi taron

Kada ka yarda da bayanin waya. "Ɗakin ba shi da girma" a bakin wani mita 15 ne, a bakin wani mita 40. Je ka tsaya inda za a kafa allon, ka tambayi mai taro inda teburin manyan baƙi zai zauna, inda ɓangaren mata yake, ta ina mutane za su shiga. In taron na bayan la'asar ne, je bayan la'asar, ka ga inda rana take. Zana wurin a takarda ko da zanen bai yi kyau ba.

Mataki na 2: Auna tazarar na gaba

Daga fuskar allon zuwa idon wanda zai zauna mafi kusa yana kallo. A nan mutane ke yin kuskure iri biyu.

Na farko, su auna zuwa teburin manyan baƙi, alhali a yawancin tarukanmu manyan baƙi baya suke ba allon, jama'a suke fuskanta. Su ba masu kallo ba ne. Fara awonka daga layin farko na waɗanda ke fuskantar allon.

Na biyu, su manta cewa allon a sama yake. Nisan da ido ke yi ba shi ne nisan ƙasa ba. In mutum yana zaune mita 3 daga gindin ƙarafan, tsakiyar allon kuma ta fi idonsa tsawo da mita 4, to ainihin nisan kallonsa mita 5 ne. Wannan yana taimakonka ƙwarai a wurin tafsiri, inda ake zama a tabarma kuma yara ke matsowa har gindin allo. Ɗaga allo sama yana ƙara maka tazara ba tare da ka tashi kowa ba. Sai dai kada ka wuce gona da iri har na gaba su riƙa ɗaga wuya kamar masu duban wata.

Mataki na 3: Fitar da lambar P

Ƙa'idar da muke aiki da ita mai sauƙi ce. Lambar P, in ka karanta ta a matsayin mita, ita ce mafi ƙarancin nisan da hoto zai fara haɗuwa. Ninkinta biyu shi ne inda kallo ke da daɗi. Ninkinta uku da ɗan ɗori shi ne inda ɗigo ke ɓacewa gaba ɗaya.

- P2.6: daga mita 2.6; ɗigo ya ɓace a wajen mita 9.
- P2.9: daga mita 3, ya ɓace a wajen mita 10.
- P3.9: daga mita 4, ya ɓace a wajen mita 13.
- P4.8: daga mita 5, ya ɓace a wajen mita 16.
- P6: daga mita 6, ya ɓace a wajen mita 20.
- P8: daga mita 8, ya ɓace a wajen mita 27.
- P10: daga mita 10, ya ɓace a wajen mita 34.

Yadda za ka yi amfani da wannan: ɗauki nisan na gaba da ka auna, ka nemi P wanda lambarsa ba ta wuce wannan nisan ba. In bidiyo da hotunan mutane kawai za a nuna, ka iya tsayawa daidai kan iyakar. In akwai rubutu mai yawa, raba nisan biyu, abin da ya fito shi ne P ɗinka. Na gaba yana mita 8, akwai rubutu: P3.9. Na gaba yana mita 8, bidiyo ne kawai: P4.8 ko P6 sun wadatar.

Ra'ayina, bayan yawan aiki, shi ne P3.9 na waje ya fi kowane allo amfani ga mai sana'ar haya a garin nan. Yana shiga ɗakin biki, yana fita fili, yana jure wa yawan ɗauka da saukewa fiye da masu ƙananan ƙwayaye, waɗanda da an ɗan buga gefensu sai ɗigo ya zube. Wanda zai fara sana'ar da kuɗi kaɗan, shi nake ba shi shawara ya saya.

In allon da ake da shi ya fi ƙarfin tazarar, misali P4.8 ne kawai a hannu kuma kujerar farko tana mita 3, ba sai ka fasa aikin ba. Ja layin farko baya da mita 2, ka cike gurbin da kafet ko tukwanen fure don kada wurin ya yi kama da an kori mutane. Ko ka matsar da allon har jikin bango, ko ka ɗaga shi. Sannan ka cire ƙananan rubutu daga abin da za a nuna.

Mataki na 4: Auna na baya, ka fitar da tsayin allo

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ɓata taro. Na baya bai damu da lambar P ba, shi dai ya ga abu. Auna zuwa kujerar ƙarshe ko tabarmar ƙarshe, sannan ka raba:

- In bidiyo ne ko fuskar mai magana, raba nisan gida 8.
- In akwai rubutun da ake so a karanta, raba shi gida 6.
- In abu ne mai ƙananan bayanai, kamar jadawalin lissafi ko taswira, raba shi gida 4.

Abin da ya fito shi ne tsayin allon a mita. Ka lura, tsayi na ce, ba faɗi ba. A walimar Alhajin nan, mita 45 in ka raba gida 8 ya haura mita 5 da rabi, shi kuwa an kawo masa mai tsayin mita 2.

Sau da yawa lissafin zai ba ka tsayin da rufin ɗakin ba zai ɗauka ba, ko aljihun mai taro ba zai ɗauka ba. Mafita ita ce a raba. Allo matsakaici a gaba, wani kuma a tsakiyar jama'a wanda na baya za su kalla, sai a lissafa kowanne da nasa na gaba da na baya. A tarukanmu da ake raba maza da mata wannan ma ya fi dacewa, kowane ɓangare da nasa. In babu allo na biyu, talabijin manya guda biyu ko huɗu a kan sanduna, cikin inuwar rumfa, suna rufa asiri.

Mataki na 5: Duba rubutun, musamman na Larabci

A nan nake so ka natsu, domin bayanan da ke zuwa tare da allunan daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin ba su san da irin aikinmu ba.

Tsayin harafi ya kamata ya kai kashi 1 cikin 200 na nisan mai karatu. Wato kowane mita 2 na nisa, santimita 1 na tsayin harafi. Na baya yana mita 30, harafi santimita 15. Yana mita 40, santimita 20. Bayan ka samu wannan, raba tsayin harafin da tazarar ɗigo don ka san ɗigo nawa zai zana shi. Harafi mai santimita 20, wato milimita 200, a kan P4.8 yana samun ɗigo 41. A kan P10 yana samun 20 kacal.

Ga rubutun boko, ɗigo 20 sun isa har da ragowa. Amma Sakkwato gari ne na karatu. A wurin tafsiri, a wurin musabaƙa, a walimar saukar Alƙur'ani, ayoyi ake sawa a allo da wasullansu. Bambancin ba'un da ta'un da sa'un ɗigo ne a sama ko a ƙasa. Fataha da kisira da rufu'a 'yan ƙananan alamomi ne, shadda kuwa haƙora uku ne a ɗan wuri. In ɗigon allon bai wadata ba, wasali ya manne da harafi, ɗigo biyu su koma ɗaya. Wannan ba maganar kyan hoto ba ce kawai, aya ce aka sa a gaban jama'a, kuma akwai mahaddata a cikinsu. A gwajin da na sha yi, layin Larabci mai wasali ba ya fita tsaf sai ya samu ɗigo 40 zuwa sama a tsayi, kuma na fi samun kwanciyar hankali da 60. Saboda haka a irin wannan aikin nakan sauko da P mataki ɗaya ƙasa da abin da nisa ya nuna, ko in rage yawan layuka: aya ɗaya a allo, ba shafi guda ba.

Haka ma ajami, haka ma haruffanmu masu lanƙwasa. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ita ce farkon abin da ke ɓacewa in rubutu ya yi ƙanƙanta, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Zaɓi salon rubutu mai kauri, ka guje wa mai sirara da ƙawa. Fari ko ruwan ɗorawa a kan baƙi ko shuɗi mai duhu ya fi komai fita. Ja a kan kore, ko ruwan gwal a kan fari irin na katin gayyata, suna da kyau a waya, a allo kuwa wahalar da ido suke.

Mataki na 6: Mayar da lissafin zuwa fanel

Allunan haya suna zuwa ne fanel-fanel, mafi yawa rabin mita a rabin mita, wasu rabin mita a mita ɗaya. Fanel mai rabin mita na P3.9 yana da ɗigo 128 a faɗi, 128 a tsayi. Na P4.8 yana da 104, na P2.9 yana da 168, na P2.6 yana da 192.

Yawancin bidiyo da kyamarori suna fitar da hoto ne mai faɗi 16 a tsayi 9. In siffar allonka ta yi nesa da haka, ko dai a ja hoton mutane su yi ƙiba ko tsawo, ko a bar baƙin fili a gefe wanda an biya kuɗinsa a banza. Jeren da ke kusa da wannan siffar su ne fanel 7 a 4, 9 a 5, 11 a 6, sai 16 a 9 wanda ya dace cif.

Mu ɗauki misali. Ɗakin biki ne, na gaba yana mita 5, na baya mita 24, bidiyon ango da amarya da hotuna za a nuna, sai sunaye da manyan haruffa. Na gaba ya ce P3.9 ya yi. Na baya ya ce 24 a raba gida 8, tsayi mita 3. Fanel 6 ke nan a tsaye, 11 a kwance, jimla 66, faɗi mita 5 da rabi. Yawan ɗigon: 11 sau 128 ya ba da 1408, 6 sau 128 ya ba da 768. To wannan lambar, 1408 a 768, ita za ka ba mai tsara hotunan tun da wuri, ya yi aikinsa a kanta.

Gargaɗi a nan: za ka ji mai taro ya ce shi Full HD yake so. Wannan yana nufin ɗigo 1920 a 1080. A kan P3.9 sai allo ya kai faɗin mita 7 da rabi da tsayin da ya haura mita 4 kafin a samu haka. A kan P2.6 faɗin mita 5. A kan P10 fiye da mita 19. Allo yana iya karɓar hoton Full HD, wani ma har na 4K, amma furosesa, wato na'urar da ke tura hoto zuwa allon, ita ce ke matse shi ya shiga iya ɗigon da ke akwai. Duk wanda ya ce maka allonsa mai mita 3 na P3.9 4K ne, abin da yake karɓa yake nufi, ba abin da yake nunawa ba. Yi wa mai taro wannan bayanin cikin ladabi, ka nuna masa cewa daga inda baƙinsa za su zauna ba za su ga bambancin ba.

Mataki na 7: Furosesa da wuta

Ƙananan P suna jawo wani kuɗin da ba a faɗa. A furosesar NovaStar, wadda ita ta fi yawa a hannun mutanenmu, kowace kafar waya ɗaya, wato ramin da ake soka wayar da ke zuwa allo, tana ɗaukar ɗigo kamar 650,000. Fanel 39 ke nan na P3.9, amma 17 kacal na P2.6. Allon misalinmu mai fanel 66 kafa biyu ta ishe shi a P3.9. In P2.9 ne sai uku, in P2.6 ne sai huɗu. Ƙirga kafofin furosesar kafin ranar taro.

Wuta kuwa, duba takardar allon, za ka ga lamba biyu: matsakaicin ci da mafi yawan ci. Da mafi yawan za ka yi lissafin janareto, domin da zarar an nuna farin hoto duk ƙwayayen ke kamawa a lokaci guda. In takardar ta ce wat 700 a murabba'in mita, allonmu mai murabba'in mita 16.5 zai iya jan wat 11,550. Kada ka haɗa shi a layi ɗaya da na'urorin sanyaya ɗaki.

Mataki na 8: Rana, zafi da ƙura

Lambar P ba ta gaya maka komai game da haske. Ana auna hasken allo da nit. Na cikin ɗaki yawanci yana tsakanin 600 da 1,500. Na waje yana farawa daga wajen 4,500 zuwa sama. A ranar Sakkwato ta Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, allon ɗaki a fili toka-toka yake zama, kamar yadda na Alhaji ya yi. Na waje kuwa yana shiga ɗaki lafiya, sai dai ka rage haskensa sosai don kada ya kashe wa na gaba ido. Da dare ma haka, ko a fili ne.

Ka kula da wannan a harabar masallaci. Jama'a gabas suke fuskanta, allon da ke gabansu kuwa yamma yake kallo. Tafsirin safe ba matsala, amma na bayan la'asar rana a fuskarsa za ta sauka kai tsaye. Yi masa rumfa mai baki a sama, ko ka ɗan karkatar da shi kudu ko arewa.

Na waje ya zama mai lambar IP65 a gaba, don ruwa da ƙura. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya tsakanin ƙwayaye ta dusashe hoto. Burushi mai laushi da bulowa ake bi da shi, ba jiƙaƙƙen tsumma ba. A farkon damina kuma, kada ka raina iskar da ke zuwa gaban hadari. Allon mita 5 a tsaye bango ne da ba shi da harsashi. Ɗaure ƙarafan ta baya, ka danne gindinsu da nauyi, in hadari ya taso a sauke shi.

Mataki na 9: In za a ɗauka da kyamara

Yanzu kusan kowane tafsiri da taro ana watsa shi kai tsaye a Facebook ko YouTube, kuma kyamara ba ta gani kamar ido. Tana iya nuna baƙaƙen layuka suna gudu a allon, ko wani zane kamar igiyar ruwa. Maganin layukan shi ne allo mai saurin sabunta hoto 3840Hz maimakon 1920Hz. Maganin igiyar ruwan kuwa, a nisanta mai magana da allon da mita 2 ko 3, mai kyamara ya kafa idonta a kan mutumin, allon ya ɗan dusashe a baya. In allon zai zauna a bayan malami kuma zai riƙa fitowa a hoto, wannan dalili ne na gaskiya na zaɓar ƙaramin P.

Mataki na 10: Gwaji kafin ka biya

Fara da rula. A kan santimita 10, P10 yana da ɗigo 10, P4.8 yana da kamar 21, P3.9 kamar 26, P2.6 kamar 38. Na taɓa karɓar kaya da aka ce P3.9 ne, rula ta nuna P4.8. Minti ɗaya ne aikin.

Sa a kunna allon fari tas, sannan ja, kore, shuɗi, ɗaya bayan ɗaya. Nan za ka ga matattun ɗigo, ka kuma ga fanel ɗin da launinsa ya saɓa da na 'yan uwansa saboda ba zubi ɗaya aka yi su ba. In saye kake, karɓi modul na ajiya, wato ƙananan faranti masu ƙwayaye da ke haɗa fanel, daga zubin da aka ba ka, domin wanda za ka sayo bayan shekara da wuya launinsa ya zo ɗaya.

Sannan sa ainihin abin da za a nuna. Zauna a kujerar farko, ka ga ko ɗigo na damunka. Tafi ta ƙarshe da dattijon nan, ka ce, "Baba, karanta mini abin da ke rubuce." In ya karanta ba tare da ya runtse ido ba, an gama. In ya yi shiru, ƙara girman rubutun, kada ka tsaya gardama da lissafinka. Daga nan ka leƙa kujerun gefe, ka ɗauki bidiyo da wayarka ka duba layuka.

Allon bakin titi da na ofis

Wanda zai kafa allon talla na dindindin a kan titi irin Ahmadu Bello Way ko hanyar Gusau, lissafinsa ɗaya ne, sai dai masu kallonsa tafiya suke yi. Allon yana sama, mafi kusa da shi yakan kai mita 15 ko 20, don haka P8 ko P10 sun isa, kuɗin da ya rage a zuba shi a haske da ƙarfin ƙarfe. Irin waɗannan akwatunansu yawanci santimita 96 ne a 96. Guda 6 a 3 na P10 suna ba da ɗigo 576 a 288 kacal. Lambar wayar da ake so mai mota ya karanta daga mita 60 tana buƙatar tsayin santimita 30, wato ɗigo 30, kusan kashi ɗaya cikin goma na tsayin allon gaba ɗaya. Sunan kaya, hoto ɗaya, lambar waya, shi ke nan abin da mai kabu-kabu zai iya kamawa kafin ya wuce. Ka kuma nemi izinin hukuma kafin ka haƙa rami.

Ɗakin taron ofis kuwa, inda mutum goma za su zauna mita 2 zuwa 6 daga bango suna duba lissafi, lissafin zai kai ka P1.5 ko ƙasa da haka, masu tsadar gaske. Ni ba na ɓoye wa masu irin wannan aikin gaskiya: talabijin mai inci 85 ta 4K tazarar ɗigonta kusan rabin milimita ce, faɗinta ya kusa mita 1.9, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na LED ba. Sai in ɗakin ya yi tsawon da talabijin ta yi wa na baya kaɗan, wato ya wuce mita 6 ko 7, sannan nake kawo maganar LED.